Fursunan Kasuwar Asabar

A garin nan namu na arewacin Holan, idan kana son shan kofi a gidan mutum, sai ka nemi rana. Ba a faɗo wa mutum gida haka kawai, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Za ka buga waya, ya duba, ka duba, ku tsayar da wata Alhamis da ke can gaba. Idan ta zo ka je, a ba ka kofi da biskit guda ɗaya, a rufe gwangwanin a gaban idonka. Kowa ya yarda wannan shi ne mutunci, Gerben Wielinga kuwa ya fi kowa yarda. Shi ya sa tun da matarsa Rinske ta rasu bai buga ƙofar kowa ba, kowa ma bai buga tasa ba.

Da can shi ne mai ɗaga gadar garin. Yana zaune a wata 'yar bukka bakin mashigin ruwa, jirgi ya zo ya ɗaga masa gada, ya jefa wa matuƙin magana, matuƙin ya rama. Haka ya ci shekarunsa, baki ba ya hutawa. Daga baya aka sa wa gadar na'ura, wani yaro a wani ofis mai nisa yake danna ta, aka ba Gerben furanni da agogon bango aka ce ya je ya huta. 'Yarsa Aukje tana nan a tsallaken mashigin da mijinta da 'ya'yanta, kuma tana ƙaunarsa, babu mai musun wannan. Sai dai ita ma sai an nemi rana, ranakunta kuwa a cike suke.

Abu ɗaya da ya rage masa shi ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin, can ma ba wasa yake yi ba, shi ne kafintansu. Shi ke ƙera ƙofofin da ba sa kai mutum ko'ina da tagogin da babu komai bayansu. Daraktar ƙungiyar, Liesbeth Kuipers, ta taɓa yin shekara guda a Amsterdam tana koyon wasa tun tana budurwa, kuma har yau ba ta bari garin ya manta ba. Mace ce mai zuciyar kirki da jan gyale, irin mutanen da idan suka tausaya wa wani sai kowa ya ji a jikinsa.

Ita ce ta zo da labarin Ruslan Temirgal. Malamin makaranta ne a wata ƙasa mai nisa, ya miƙe a taron gari ya tambayi inda ruwan koginsu ya tafi. Aka amsa masa da ɗaki guda a kurkuku shi kaɗai, ba taga, ba mai ce masa uffan, ga shi an shiga shekara ta biyu.

"Mutane sun gaji da karanta takarda," in ji Liesbeth a taron ƙungiya. "Sai sun gani da idonsu. Za mu kafa keji a tsakiyar kasuwa kowace Asabar, mutum ɗaya a ciki, hoton Ruslan a gefe, ga tebur na sa hannu a takardar neman a sake shi. Mutum yana sayen cuku, sai ya waiwaya ya ga kaɗaici tsirara."

Kowa ya yaba, har aka zo maganar wanda zai shiga. Likitan haƙorin garin, wanda shi ke fitowa sarki ko alƙali a kowane wasa, ya gyara zama ya tambayi yawan maganar da ke cikin rawar.

"Babu," in ji Liesbeth.

"Ko kalma ɗaya?"

"Ko tari."

Nan take likitan ya tuna da ciwon bayansa. Mai sayar da furanni ta ce Asabar ce ranar cinikinta. Aka shanye fulas biyu na kofi ana tattaunawa, domin a wurinmu ba a yanke magana sai kowa ya faɗi tasa, kowa kuma ya ɗan ɓata rai daidai gwargwado. Can wani ya hango Gerben a lungu yana auna katako, ya ce, "Ga Gerben, ai dama ba ya magana."

Gerben ya so ya ce shi fa da can jiragen ruwa ma sun san bakinsa. Amma ido ya yi masa yawa, sai ya ce, "To."

Shi ya ƙera kejin da hannunsa, sandunan ƙarfe baƙaƙe, benci na katako ba shimfiɗa, ƙaton kwaɗo a ƙofa. Liesbeth ta gani ta ce tsigar jikinta ta tashi. Kafin a kai shi kasuwa kuma sai da Malam Postma na ƙaramar hukuma ya zo dubawa, domin ko tukunyar fure ba a ajiyewa a dandalin nan sai ya gani. Ya zagaye kejin, ya ɗaga kwaɗon da yatsa biyu.

"Wannan ana rufe shi?"

"Kurkuku ne fa, Malam Postma," in ji Liesbeth.

"A can kurkuku ne, a nan kasuwa ce. Idan gobara ta tashi fa?"

"Ƙarfe ne. Ga ruwan sama kullum."

"Yauwa, kin tuna mini. Sai an sa rufi. Bencin nan kuma a ɗora masa 'yar katifa, mutumin ba yaro ba ne. A kawo na'urar ɗumama ƙafa. Sannan lokaci-lokaci ya fito ya huta, ya sha abu mai zafi, ya zaga bayan gida." Ya dubi Liesbeth ta saman tabarau, ba alamar wasa a fuskarsa. "Wanda aka tsare yana da haƙƙinsa."

"Abin da muke ƙoƙarin gaya wa duniya ke nan."

"To kin ga bakinmu ɗaya," in ji Postma, ya hau kekensa.

Asabar ta farko aka kafa kejin tsakanin mai kifi da mai cuku. Gerben ya shiga cikin riga da wando masu ruwan toka, ya zauna a kan 'yar katifar, ƙafarsa na shan ɗumi, ya sunkuyar da kai kamar yadda aka koya masa. Ana yayyafi. Mutane suka fara tsayawa, mutanenmu kuwa abin da ke ransu shi ke bakinsu.

"Gerben, me ka sata?"

"Rufin nan ya karkace, wa ya ɗora shi?"

"Ni da an tambaye ni, da can kusa da majami'a aka kafa, nan ya tare hanyar keke."

Ya daure, bai tanka ba. Ya daure har rana ta ɗaga, sai ga wani tsohon matuƙin jirgi da suka yi shekaru ba su haɗu ba, ya jingina da sandunan ya ce gadar nan tun da aka ba na'ura ba ta taɓa ɗagawa a kan lokaci ba. Gerben ya ji maganar ta taso masa tun daga ciki. Kafin ya ankara ya ce, "Ai na gaya musu." Daga nan ba a sake samun kansa ba.

Bayan matuƙin sai ga Tineke. Gidanta na kallon nasa, titi ne kawai a tsakani, kuma shekara da shekaru gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Ta ajiye jakar cefanenta, ta leƙa shi sama da ƙasa.

"Maƙwabci, ka ci wani abu kuwa?"

"An ce fursuna ba ya ci."

"Wa ya ce? Wannan mai jan gyalen? Ita na gan ta tana cin waina da zuma a bayan motar mai cuku."

Ta tafi ta dawo da miyar wake mai kauri, wadda cokali ke tsayawa a cikinta, ta miƙa masa ta tsakanin sanduna, ko da yake ƙofar a buɗe take. Yana sha tana ba shi labarin gwiwarta, da likitan da bai san aikinsa ba, da ɗanta da ya koma Kanada. A wannan tsayuwar ɗaya ya san abin da bai sani ba game da ita tun da ta tare a unguwar.

Ba a daɗe ba garin ya gano abin da Liesbeth ba ta hango ba. Mutumin da ke cikin keji ba a neman rana kafin a gan shi. Ba gidansa ba ne, balle a ce ka faɗo masa. Ba gidanka ba ne, balle ka damu da lokacin tafiyarsa. Ba kofi, ba biskit, ba bashin ziyara. Ka tsaya, ka zazzage abin da ke cikinka, ka ɗauki jakarka ka wuce. Ga shi kuma ba inda za shi. Sai aka fara layi. Mai matsala da suruki ya zo, wanda aka yi wa aiki a ido ya zo, matar limamin majami'a ta zo ta faɗi abin da ba ta iya faɗa wa mijinta. Wasu suka riƙa barin cefanensu a wurinsa su je aski, wata ta ɗaure karenta a jikin sandar. Mai kifi kuwa ya mayar da shi ɗan gida, duk Asabar sai ya miƙo masa ɗanyen kifi da yankakkiyar albasa.

Teburin sa hannu ma bai yi asara ba, don masu jiran layi sukan sa hannu saboda kada tsayuwar ta tafi a banza. Da za ka tare ɗayansu ka ce ya faɗi sunan wanda ya sa wa hannu, da ka ji kame-kame.

Gerben dai farin ciki yake yi, irin wanda ya manta akwai shi. Ya fara goge kayan fursunansa tun ranar Juma'a, yana fito da kari a wandon. Kumatunsa suka ciko. Wani lokaci idan kasuwa ta lafa yakan juya ya dubi hoton Ruslan, siririn mutum mai tabarau, ya ji wani abu ya ɗan soke shi. Yakan ce masa a zuci, yi haƙuri abokin aiki, ni ma ba haka na tsara ba. Kafin tunanin ya yi nisa sai wani ya ƙwanƙwasa sanda ya ce, "Gerben, ka ji abin da ya faru?"

Jaridar yankin ce ta tona asiri. Ta buga hotonsa a shafin farko, ya ɗaga kai sama, ya riƙe kifi ta wutsiya zai zura a baki, yana dariya har ana ganin dasashi, ga kare a gefe yana kallonsa, ga hoton Ruslan a baya. Liesbeth ta same shi a ɗakin ajiyar kayan wasa, ta shimfiɗa jaridar a kan teburin aikinsa.

"Gerben, dubi nan. Me ka gani?"

"Hoton ya fito da kyau."

"Mutumin nan yana can shekara biyu bai ji muryar ɗan Adam ba, kai kuma ka buɗe majalisa. An aiko mini daga hedikwatar masu fafutukar a saki Ruslan ana tambaya ko tallan kifi muke yi." Ta sassauta murya, abin da ya fi tsawarta ban tsoro. "Na yi magana da wani yaro a makarantar wasa ta birni. Siriri ne, idonsa a zurme, ya ce zai iya kwana biyu bai ci ba don rawar ta shige shi. Ba laifinka ba ne, kai kafinta ne."

Gerben ya ƙura wa jaridar ido. Ya hango Asabar ta koma kamar Talata, ta koma kamar Laraba. Bai iya cewa kada ki raba ni da kejina ba, wane babban mutum ne zai faɗi haka? Sai ya ce a ba shi dama guda. Aka kira taro, aka sha kofi, aka tsaya a tsakiya kamar kullum: Asabar ɗaya ta gwaji, idan bai yi ba yaron birni ya karɓa.

Liesbeth ta ɗauki yammaci guda tana koya masa baƙin ciki. Ta nuna masa yadda ake kama sanduna a girgiza, yadda ake zamewa ƙasa a hankali, yadda ake miƙa hannu sama ana buɗe baki ba sauti. Gerben ya gwada, ya fito kamar mai neman a taimaka masa ya sauko da akwati daga kan kabad. Da ya zame ƙasa kuma sai da ta kama shi ya tashi.

"Bari," in ji ta, ta gaji. "Kada ka yi komai. Kada ka kalli kowa, kada ka amsa wa kowa. Ka ɗauka babu kowa a duniya sai kai. Za ka iya wannan?"

"Zan gwada."

Ranar Asabar aka rataye allo a jikin kejin, an rubuta cewa kada a yi wa fursuna magana, kada a ba shi abinci. Mutanenmu kuwa duk surutunsu ba sa tsallake abin da aka rubuta a allo. Suka tsaya nesa kaɗan da jakunkunansu suna jiran su ga abin da zai faru.

Gerben ya zauna. Bai san yadda ake wasa ba, duk abin da aka koya masa ya bi iska. Da ya rasa abin yi, sai kawai ya yi yammacin Talatarsa, yadda yake yin sa a gida. Ya ɗora tafin hannu a kan gwiwa. Ya dubi wurin da agogon bango yake a ɗakinsa, ya kawar da kai, ya sake duba. Ya tashi ya gyara gefen katifar da ba abin da ya same ta, ya koma ya zauna. Can ya ɗan karkata kai kamar ya ji motsi a ƙofa, ya jira, ya jira, sannan kafaɗunsa suka sauka. Ya share ƙurar da babu ita a kan bencin. Ya yi gyaran murya a hankali, irin wadda mutum ke yi don ya tabbatar muryar tana nan, tun da bai yi amfani da ita ba tun safe. Ya sake duban agogon.

Kasuwar ta yi tsit, har mai kifi ya daina kiran ciniki. Wata mata ta ciro hankici. Likitan haƙori ya raɗa wa na kusa da shi cewa dama shi ya fara hango baiwar mutumin. A karon farko mutane suka je teburin suka karanta sunan Ruslan Temirgal a hankali, harafi bayan harafi, kafin su sa hannu, wasu har suna tambayar abin da ya yi.

Gerben bai ɗaga kai ba, amma kunnensa na aiki. Ya ji muryar Liesbeth dab da kejin.

"Kin ga wannan karkata kan? Ban koya masa ba. Daga ina ya samo shi?"

"Wane samowa?" Muryar Tineke ce, ba ta ma rage ta ba. "Haka yake yi kullum. Labulensa a buɗe yake, ina ganinsa ta taga in ina wanke-wanke. Wannan na duban agogon ma ya rage, a gida ya fi haka."

Liesbeth ta ce, "Kina ganinsa haka kullum, ba ki taɓa tsallakawa kin buga masa ƙofa ba?"

"Haka kawai? Ai bai gayyace ni ba. Ni ba mara tarbiyya ba ce."

Kunnuwan Gerben suka yi zafi. Ya so ƙasa ta buɗe, amma ko motsi bai yi ba, jama'a kuwa suka ɗauka wannan ma cikin wasan ne.

Da aka tashi, Aukje ta ratso mutane ta rungume shi, idonta ya yi ja. "Baba, ban san ka iya wasa haka ba. Na kasa kallo wallahi, sai na ji kamar da gaske ne. A ce akwai mutumin da ke rayuwa haka a duniya." Ta share hanci, ta ciro wayarta. "Dole mu zauna ka ba ni labari. Wannan watan ya cika, amma bari in ga na gaba."

"Ba gaggawa, 'yata," in ji Gerben.

Yaron birni bai zo ba. Liesbeth ba ta sake tayar da maganar da ta ji daga bakin Tineke ba, ta dai riƙa gaishe shi da wata irin ladabi, ta kuma gaya wa 'yan jarida cewa salon nasa sunansa wasan da babu wasa a cikinsa. Aka zo daga gidan talabijin, aka zo daga garuruwan maƙwabta a motocin haya. Gerben kuwa ya samu biyu. Yana zaune shiru ana kallonsa, wanda ko shi kaɗai ya fi zaman gida, sannan idan lokacin hutun da Postma ya wajabta ya yi, sai ya fito ya zauna a kan akwatin mai kifi, layi ya kafu, miya ta zo. Bai taɓa zaton zai yi wa Postma addu'a ba, sai ga shi yana yi. Hunturu ya wuce a haka, bishiyoyin dandalin suka fara toho.

Ranar wata Laraba Liesbeth ta buga masa waya, tana magana tana kuka. An saki Ruslan. Ko matsin ƙasashen waje ne, ko shugaban can ne ya tashi da farin ciki, babu wanda ya sani, amma garinmu bai yi shakkar cewa kejinsa ne ya yi aikin ba.

"Ka ji, Gerben? Ya fito. Mun gama."

"Kai, barka," in ji Gerben. Ya ajiye wayar ya daɗe a tsaye. Ya yi murna, da gaske ya yi, don ya saba da fuskar mutumin kamar ta ɗan'uwa. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu mai nauyi da ya ƙi matsawa, kuma ya san sunansa.

Asabar aka yi biki. 'Yan badujala suka zo da ƙahonninsu, aka rataya tutoci, mai cuku ya yanka kyauta ƙanana-ƙanana yadda ba za ta yi masa ciwo ba. Aka ce Gerben ya shiga kejin karo na ƙarshe don magajiyar gari ta fito da shi a gaban masu ɗaukar hoto. Ya fito ana tafi, aka rataya masa furanni. Daga nan aka kunna majigi a jikin bangon majami'a, sai ga Ruslan daga gidan 'yar'uwarsa, ya fi hotonsa tsufa nesa ba kusa ba, haƙoransa na gaba babu, yana riƙe da kofin shayi. Yana magana tafinta na juyawa.

Ya gode wa garin. Ya ce an gaya masa akwai wani dattijo da ya shiga keji cikin sanyi saboda shi, yana so ya gan shi. Aka turo Gerben gaban na'urar da furanninsa da kumatunsa. Ruslan ya dube shi ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ya ce kai ɗan'uwansa ne," in ji tafinta. "Ya ce duka da yunwa ana sabawa da su. Abin da ba a sabawa da shi shi ne gari ya waye, rana ta faɗi, ba wanda ya kira sunanka. Ya ce ya san ka ɗanɗana kaɗan daga wannan saboda shi, kuma ba zai manta ba."

Gerben ya gyaɗa kai. Ya ce a gaya masa ya riƙa shan miya mai zafi. Aka yi dariya, aka yi tafi, badujala ta ɗauka.

Da yamma ta yi mutane suka fara watsewa, kowa na duba wayarsa don ganin abin da ke gaba. Tineke ta wuce da jakarta ta ɗaga masa hannu daga nesa. Samari biyu suka zo da mota za su kwashe kejin, Liesbeth ta ce an ba gonar da ake kai yara kallon dabbobi kyauta, za a riƙa sa awaki a ciki. Tana naɗe hoton Ruslan tana 'yar waƙa, gyalenta ya zame ba ta ma kula ba. Gerben ya tsaya kusa da ita yana juya furanninsa.

"Liesbeth, na ce ba... shi ke nan babu wani? Irinsa nake nufi. Wanda aka kulle shi kaɗai."

Ta daina waƙar. Ta dube shi, fuskarta ta koma ta ranar da ta fara kawo labarin.

"Wani? Gerben, dubbai ne. Maza da mata, har da yara. Ko kowace Asabar ta rayuwarmu za mu yi, ba za mu kai ƙarshensu ba."

"To, madalla," in ji Gerben.

Maganar ta riga ta fita kafin ya ji ta. Liesbeth ta tsaya da hoton a hannu, bakinta a ɗan buɗe. Samarin nan biyu ma suka dakata da kwance ƙarfen suka waiwayo.

"Me ka ce?"

Bai iya maimaitawa ba, bai kuma iya cewa ba haka yake nufi ba, don bai saba ƙarya ba. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tsakar kai, ya sunkuya yana kallon duwatsun dandalin. Ya jira kunyar ta kori murnar daga ƙirjinsa, ya ba ta lokaci sosai. Murnar ba ta tafi ba.